Lemo Biyar na Yaya Rabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Rabi, Allah Ya jiƙanta. Shekara ashirin da shida ta yi tana koyar da ƙananan yara a wani aji mai rufin kwano a bayan kasuwar Zuba, inda nake dillancin lemo da ayaba. Sau ɗaya muka taɓa yin faɗa mai zafi da ita, a kan 'yata Bilki, lokacin tana da shekara huɗu. Ni na ci faɗan, kuma har yau ina cizon yatsa.

Lokacin soja sun koma bariki, kuɗi ya shigo Abuja, ni ma na ɗan samu. Wata rana Yaya tana zaune a rumfata, sai wani ma'aikacin gwamnati da ke sayen kaya wurina ya zo da ɗansa, sa'an Bilki. Yaron ya zubo ɗaya zuwa ɗari da Turanci ko numfashi bai ja ba. Bilki kuwa wata shida a ajin Yaya ba ta wuce goma ba. Kullum aikinsu jera marafan kwalba da raba ƙwallon dabino. Na ce, "Yaya, kin ji ɗan mutane? Ke wasan ƙasa kike koya wa tawa."

Sai ta jawo kwandon lemona. Ta jera lemo biyar, ta jera wasu biyar a gabansu, ta tambayi yaron wane layi ya fi yawa. Ya ce daidai suke. A kan idonsa ta baza layi ɗaya ya yi tsawo, ta sake tambaya. Ya nuna dogon. Ta sa ya ƙirga, ya samu biyar da biyar, ya sake nuna dogon.

Da suka tafi ta ce, "Sale, bakinsa ya kai ɗari, kansa bai gama da biyar ba. Ba daƙiƙi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Sai hannu ya taɓa, ya raba, ya haɗa, sannan kai ya yarda. Kai da kake baza kashin lemo don manya su ga ya yi yawa, kai za a koya wa wannan?"

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na cire Bilki na kai ta makarantar kuɗi a cikin gari. Ta dawo da waƙar lambobi, ni kuma ina kiran maƙwabta su zo su ji. Kafin ta kai aji uku, ranar lissafi ciwon ciki take yi. Ta haddace komai, ba ta riƙe komai ba. Yau matar aure ce mai digiri, amma da ta ga lamba sai ta ce, "Baba, ni ba ni da kan lissafi."

Da Yaya za ta leƙo yau, da ta riƙe baki. Yaro ɗan shekara uku da jakar littattafai wadda ta fi shi nauyi, ga aikin gida, ga jarrabawa, ga na ɗaya da na ƙarshe. Iyaye kuma mu ne muke zuga abin, kowa na son ɗansa ya yi waƙa a gaban baƙi. A kasuwa mun san ayabar da aka nunar da sinadarin kabaid: baya jawur, ciki gagau. Ba ma kai ta gidajenmu, amma 'ya'yanmu muke yi wa haka.

Watan jiya Bilki ta zo mini da hawaye. Makarantar 'yarta Amira, mai shekara huɗu, ta ce yarinyar ba ta iya rubuta lamba har ɗari biyu ba. Ko a sa ta lesin kullum har la'asar, ko ba za ta sa rigar yaye ɗalibai ba. Bilki ta ce, "Baba, ni ta gado."

Tare da yarinyar suka zo, sai na ɗauko lemo shida na ce wa Amira ta raba mana mu uku. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ta zagayo, ta duba hannun kowa, ta ce, "Babu wanda aka cuta." Na ce wa uwarta, "Ba ki da abin da za ta gada. Ni na yi miki gaggawa, kada ki yi mata." Shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da maganar nan.

Ba a sa ta lesin ba. Ba ta sa rigar ba, dangin ubanta kuma har yanzu suna guna-guni. Ranar Asabar Amira tana zuwa rumfa, tana ware lemo manya da ƙanana, tana gardama da ni.

Yaya ba ta bar gida ko fili ba. Ni mai lissafin riba ne, ga kuma nawa lissafin: na yi asarar 'ya ɗaya ga tsoron lamba, na ceto jika ɗaya. Cinikin da ya tashi babu riba babu faɗuwa ke nan, kuma rabin da aka ceto na Yaya ne.