Akwatin Gilashin Saniyar Rakiya

Har yau ban manta da ranar Talatar da ajidan, sojan da aka ɗora mana shugaba, ya tarar da saniyar yumɓu a kan teburin aikina ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san atuliyen, wato ɗakin aikin kafintoci, yadda muka san shi ba, don haka bari in fara daga farko.

A shekarun fari ne, sojoji na riƙe da mulki. Ni kafinta ne a atuliyen wata ma'aikatar gwamnati a Yamai, shekarata goma sha ɗaya ina aiki. Mu muke yin tebura da kujerun biro, wato ofis, amma aikina na musamman shi ne kadar, wato katakon da ake zagaye hoto da shi a sa gilashi a gaba. A lokacin kowane biro sai an rataya hoton shugaban ƙasa, saboda haka daga safe zuwa tashi kadar ɗin hoton nan nake yi. Gilashi ya yi wuya. Ba a fitar da shi daga magaza, ɗakin ajiyar kaya, sai da sa hannun shef, shugaban atuliyen, amma gutsattsarin da suka rage bayan yanka, tun da can na ma'aikaci ne, in ya ga dama ya kwashe.

Shef ɗinmu na da farar hula ne. Da aka canza shi sai aka kawo mana wani ajidan, soja mai igiya, wanda bai taɓa riƙe zarto ba.

A wannan shekarar kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya iso daga ƙasar Tahoua ba ko akuya. Ya sauka Lazaret inda waɗanda fari ya koro suka kafa bukkoki. Na yi na yi ya dawo gidana a Talladjé, ya ce ba zai bar mutanen garinsu ba. Ranar Juma'a kawai yake zuwa mu ci abinci. Wata Juma'ar ya ba mu labarin saniyarsa ta ƙarshe, yadda ta durƙusa a bakin rijiya, mutum huɗu suka ɗaga ta, ta sake durƙusawa. 'Yata Rakiya, tana da shekara tara, tana gefe tana saurare.

Bayan kwana biyu ta ɗebo yumɓu a bakin kogi ta gina saniyar. Ta yi ta a durƙushe, wuya miƙe a ƙasa, ta zana haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya. Ƙahon ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da na dawo daga aiki ta miƙo mini ta ce, "Baba, ka yi mata irin abin da kake yi wa hoto, kada ƙannena su fasa ta."

Abu mai tudu ba ya shiga kadar, sai akwati mai zurfi da gilashi a gaba. Na naɗe saniyar a tsumma na tafi da ita atuliye don in auna. Lokacin hutun rana ne, na ajiye ta a tebur ina auna ta da metir, kadar goma sha biyu na jingine a bango da hotunansu, sai ga ajidan.

Ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Isufu, mene ne wannan?"

Na ce, "Saniya ce, ajidan. 'Yata ta gina."

Ya ce, "Me ya sa take durƙushe?"

Na ce, "Yunwa ce ta durƙusar da ita."

Ya dubi hotunan da ke bango, ya dube ni. Ya ce wato a gaban hoton shugaban ƙasa nake so in nuna ƙasa ta durƙusa. Ya ce ya san irinmu, ba mu iya faɗa da baki sai mu laɓe bayan yara. Ya nuna kwandon shara ya ce in jefa ta ciki da hannuna, maganar ta mutu a nan.

Abokan aikina duk sun bar abincinsu suna kallo. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, don a lokacin ana ɗauke mutum kan abin da bai kai wannan ba. Amma na ce, "Ajidan, katakon gwamnati ban taɓa ba, lokacin gwamnati ban ci ba. Yarinya ta ji labari a bakin kakanta ta gina abin da ta ji. In akwai ƙarya a jikin saniyar nan, nuna mini in gyara. In babu, ba zan jefar ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauka, na riga shi. Na rungume ta a ƙirjina.

Kafin la'asar an kawo mini takardar neman bayani. Ga waɗanda ba su sani ba, takarda ce da shef ke ba ma'aikaci ya rubuta dalilin laifinsa cikin kwana biyu, amsar kuma ta shiga dosiyensa, wato fayil ɗin aikinsa, har ya yi ritaya. Sakataren ma'aikata, mutumin kirki ɗan Zinder, ya ja ni gefe ya ce, "Malam Isufu, rubuta ka yi kuskure kana neman gafara, shi ke nan." Na rubuta layi uku: abin na 'yata ne, na kawo shi aunawa lokacin hutu, na ƙi jefar da shi kuma ba zan jefar ba. Aka dakatar da ni kwana takwas, aka cire ni daga aikin kadar aka maida ni ƙera bencin lakwal, wato makaranta.

Kwana takwas ɗin a kan akwatin na kashe su. An hana ni gutsattsarin atuliye, sai na cire gilashin tagar ɗakina na yanka, na toshe tagar da kwali. Uwar Rakiya ta ce, "Baban Rakiya, in ka gama mu ajiye ta cikin ɗaki, kada wani ya kai ƙara." Na ce a falo za ta zauna, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Na kafa ƙusa biyu na rataye ta, na sa Rakiya ta rubuta sunanta da kanta a jikin katakon.

Ran Juma'a Kawu ya shigo da sallama, bai ƙarasa ba ya tsaya cak. Ya matsa har numfashinsa ya rufe gilashin, ya goge da hannun riga. Sannan ya kira Rakiya ya dafa kanta ya ce, "Ita ce. Har ƙahon." Mako na gaba ya zo da dattawa uku daga Lazaret, suka cire takalma, suka zauna gabanta suna kiran sunayen shanunsu da suka mutu. Maƙwabta biyu sun zo sun ba ni shawara in sauke ta. Ban sauke ba, kuma ba wanda ya zo ya sauke.

Na shekara huɗu ina ƙera benci kafin a maida ni kan kadar, takardar kuma tana dosiyena har na bar aiki. Ban taɓa neman a cire ta ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Za a koya muku yanka kusurwa ta haɗu ba rata, za a koya muku riƙe gilashi kada ya tsage. Amma duk abin da kuka sa wa kadar, kun gaya wa jama'a ke nan cewa ya cancanci a tsaya a dube shi. Yawancin kwanakinku wani ne zai zaɓa muku abin da za ku sa a ciki, ku yi aikinku da kyau. Ranar da zaɓin ya zama naku, kada ku bar kowa ya karɓe shi, ko da igiya nawa ce a kafaɗarsa.