Irin Geron da Dam Ya Ci

Jiya da la'asar ina zaune a rumfata ta hatsi, nan bakin iyakar Jibiya, sai hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta shiga ƙarƙashin tamfol ɗin wata babbar mota mai jiran wucewa Maraɗi, ta dinga ɗaga shi tana maka shi da jikin ƙarfe, fam, fam. 'Yan acaɓa na ta gudun neman mafaka suna dariya, ni kuwa zama ya gagare ni. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa, har maƙwabcina ya tambaya ko kunama ce a tabarmata. Ban tsaya yi masa bayani ba. Haka ruwa yake dukan cikin kwale-kwale idan ya fusata, kuma na ji shi tun ina yaro.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, amma ya bar mata gona da wani irin gero mai dogon kai, mai gashin da ke hana tsuntsu sauka. Ta ce irin yana gidan tun kafin gidan ya karɓi salla. Maƙwabta duk sun koma irin zamani mai saurin nuna, ita kaɗai ta kafe. Shekarar da nake ba ka labari ta biyo bayan fari, rumbu ya ƙare tas, mun ci abin da bai kamata a ci ba, amma kawunan da ta rataye a rufin ɗakinta ko kallonsu ba ta bari a yi. Da ta sussuka su, ƙwarya guda suka cika. Shi ke nan abin da ya rage a duniya, kamar yadda take faɗi.

To, gonar tana tsallaken dam. Da can hanyar ƙafa ce, ruwa ya zo ya kwanta a kanta. Zagayawa ta tudu sai ta cinye wa tsohuwa wuni. Saboda haka muka dogara da Kawu, autan Kaka. Ya yi shekaru yana yaron mota har Kwatano, ya ga teku, ya zauna da masuntan can lokacin da motarsu ke jiran lodi. Da ya dawo ya samu wani tsohon kwale-kwale, kuma a tsaye yake tuƙa shi da dogon filafili, ba a zaune kamar sauran masuntan dam ba. Dariya ake masa. Idan ya ce ya ga igiyar ruwa da ta fi rumbu tsawo, sai a ce a ƙara masa shayi ya ƙaro labari.

Ka san mu manoma ne, ba mutanen ruwa ba. Idan hadarin farko ya haɗo, manomi gona yake nufa a guje, ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa don ruwan ya same shi a ciki. Masunci kuwa da ya hangi wannan hadarin, gaɓa yake nema. Ranar mun iso bakin dam muka tarar masunta na jan jiragensu tudu, mu kuma muna neman tura namu ruwa.

Kawu ya dubi gabas ya ce, "Inna, mu bari sai gobe."

"Gobe mi? Tun ina budurwa nike binne da hadarin hwari. Tashi mu tahi, ruwa ba shi jiran rago."

Bai iya musu da ita. Ba wanda ya iya. Ta zauna a tsakiya da ƙwaryar a cinya, ta rufe da faifai. Ni ina gabanta da gwangwanin kwasar ruwa.

Da farko lafiya lau, ruwan kwance yake, shiru har ya yi yawa. Mun wuce rabi iska ta iso, mai sanyi, da ƙanshin ƙasa. Fuskar dam ta yi baƙi. Ban taɓa sanin ruwan da muke wanka a bakinsa yana iya miƙewa tsaye ba. Igiya ta farko ta bugi gefenmu, jirgin ya karkata, gwangwanin ya suɓuce ya tafi. Ruwa ya cika mana idon sawu.

Kaka ta kwarma ihu. "Zamna, ɗan nan! Zamna kada ka hwaɗa! Juya mu koma!"

"In na juya igiya ta same mu a gefe, mun kife. Hanci aka ba ta, Inna. Ku kwanta ƙasa, kada wanda ya kama baki!"

Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ranar. Daga inda na duƙa ƙafafunsa kawai nake gani. Ya ware su, ɗaya a ɗan baya, ya lanƙwasa gwiwa, yatsunsa sun kama katako. Ya karkato da hancin jirgin ya fuskanci iska, ba gaɓar da muke nufa ba. Idan igiya ta taso sai ya soka filafili ya ja da ƙarfi, mu hau, mu sauko da duka, fam. Filafilin bai taɓa barin ruwa ba, a kansa yake dogara kamar tsoho da sanda. Idan igiyoyin suka ɗan lafa sai ya saci tuƙi biyu-uku zuwa gaɓa, ya sake juyo musu hanci kafin su dawo. Bai kalli ƙafarsa ba, bai kalle mu ba. Ni dai kuka nake, ina kiran uwata da ke can wani gari.

Amma kowace igiya tana bar mana rabonta a ciki. Ruwa ya kai ƙauri, jirgin ya yi nauyi, ya daina ɗaga hanci da sauri. Na sa tafin hannu ina watsawa, aikin banza.

Kawu ya ce, "Inna, ƙwaryar."

Ta ji sarai. Ta ƙara rungume ta.

"Inna, ƙwaryar, don Allah!"

Ta buɗe bakin zanenta ta juye irin a ciki, ta tattare da hannu ɗaya, za ta miƙo mini ƙwaryar. Daidai nan babbar igiya ta iso. Na ji na tashi daga katako, rabin jikina ya leƙa waje, na ga baƙin ruwa dab da fuskata. Hannu biyu suka cafke rigata suka fizgo ni. Hannu biyu, ka ji. Da na buɗe ido, geron kakana yana yawo a ruwan cikin jirgi, ya rufe shi fari fat.

Kaka ta saki rigata. Ta ɗauki ƙwaryar ta fara kwasa, ruwa da iri tare, tana watsawa dam. Da hannunta. Ruwan sama ya tsinke, ban iya bambance shi da abin da ke fuskarta ba. Haka ta yi ta kwasa har hancin jirgin ya sake ɗagawa. Da muka kai inda ƙafa ke taɓa ƙasa, Kawu ya diro ya ɗauke ni, igiya ta bi jirgin ta kifar, ta wanke ɗan abin da ya saura. 'Yan ƙwayoyin da suka maƙale a zanenta ta tsince su ɗaya-ɗaya ta shuka. Sun tsiro, farin tsakiyar damina ya ƙone su.

Yau gonar tsallaken ba mai nomanta, tsoron daji ya hana. Kawu ya tsufa, gwiwoyin nan sun ƙi lanƙwasuwa. Samarin yanzu jirgi mai inji suke so, kuma wayarsu ke gaya musu za a yi iska. Ni na zama ɗan hatsi. Duk buhun da ya ratso iyakar nan, daga Nijar ko daga ƙauyukan Bugaje da Riko, sai na cusa hannu na duba, ina tambayar masu shi ko sun san gero mai gashi mai dogon kai. Ana kawo masu kama da shi. Ba shi ba ne, kuma raina bai taɓa kwanciya a kan wannan ba.

Shekarar da Kaka za ta rasu, na girma har na yi iyali, na same ta tana shan furar geron zamani tana yatsina fuska. Na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tana tuna irin nan, ko abin yana mata ciwo har yanzu.

Ta ce, "Kullum."

Ta daɗe tana kallona, daga kai har ƙafa, kamar mai taya rago a kasuwa. Sannan ta miƙo mini ƙoƙon.

"Tashi ka ƙaro mini nono, mai gida. Tunda kai na kama, sai ka yi amfani."