Ƙwan Kawu Tanko

Duk wanda ya zauna a Bukit Jalil, unguwarmu a nan ƙasar waje, ya san Kawu Tanko ba ya wuce dutse bai lasa ba. Wallahi ba sharri nake masa ba! Zai tsuguna a bakin titi, ya ɗauki tsakuwa, ya goga ta a hannun riga, ya kai mata harshe, sannan ya gyaɗa kai kamar mai ɗanɗana miyar amarya. Wai haka masana duwatsu suke yi, kuma digiri na uku ya zo yi a kai. Yayan Mamana ne, a gidanmu yake zaune. Ni na ci sunan mahaifiyarsu, shi ya sa yake ce min Inna.

Burinsa ɗaya ne a duniya. Ya tsufa yana zana wa ɗalibai dutse mai aman wuta a allo, bai taɓa ganin mai rai ba.

"Na Biu duk sun mutu, Inna," in ji shi. "Gawa nake karantarwa."

Sai ya yankar mana tikitin zuwa wani gandun daji na gwamnati a tsibirin Jawa, can Indonesiya, inda ƙasa take hayaƙi, ruwa yake tafasa a rami har baƙi suna dafa ƙwai a ciki. Saura mako biyu mu tashi, korona ta rufe iyakoki. Karatunsa kuma ya kusa ƙarewa, in ya koma gida shi ke nan. Da wani ne, da ya haƙura. Kawu cewa ya yi an ƙara mana lokacin shiri.

Ranar da muka sauka karɓar tapau, abincin da muka yi oda, sai ya hango wata tsakuwa a gindin fulawa. Ya zame takunkumi. Mai gadi ya taso da gudu.

"Pak cik! Tak boleh lah!" Wato da yarensu, "Kawu, ba a yarda ba!"

"Wannan dutsen ya girmi kakan kakan korona," in ji Kawu. "Ita ce za ta ji tsoronsa."

Mai gadi bai yarda ba, ya fesa wa tsakuwar sinadarin wanke hannu. Kawu ya lasa duk da haka. Fuskarsa ta yamutse kamar tsohuwar takarda.

"Yaya ɗanɗanon, Kawu?"

"Sun ɓata shi."

Sai horon hawa. A hawa na goma sha tara muke, amma ya haramta mana lif, wai dutse ba shi da lif. Kullum da safe ya saɓa buhun shinkafar Mama, ya tasa ni gaba. Kwana uku na yi, ƙafafuwana suka zama taliya. A na huɗu na ce zan riga shi, na sulale a hawa na uku na shiga lif, na fita a na sha takwas, na tuttula ruwan gora a kaina na zauna ina haki. Can ya iso, numfashinsa kamar tsohon injin markaɗe. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Sannu, Inna. Ikon Allah! Ke kaɗai ce gumi yake zubo wa ta saman hijabi."

Amma babbar fitinar ita ce ƙwai. Mama ta yi ta fama da shi.

"Haba Yaya, dafa ƙwai har Indonesiya? Ga tukunya, ga gas!"

"Ke Binta, murhun da Allah ya hura da kansa, ba a taɓa sake masa gas ba, shi kike haɗawa da naki?"

Ya karanta cewa farar wutar da ke can warin ruɓaɓɓen ƙwai take, don haka dole hancinmu ya saba. Ya fasa ƙwai a kwalba ya ajiye a baranda. Kowace safiya sai ya buɗe: "Ku shaƙa!" Jama'a, tattabarun unguwar kaf suka yi hijira zuwa unguwar Sentul. Maƙwabciyarmu ta kira masu gyaran masai har sau biyu.

Wata safiya ya buɗe kwalbar, ya tura hanci, ya sake turawa. Ni ina can bayan kujera na toshe nawa da filo.

"Kai, ƙwan nan ya lalace," in ji shi. "Ya daina wari."

Na yi dariya har na faɗo ƙasa. Mama ba ta yi ba. Ta ajiye ludayin hannunta ta ce, "Yaya, ɗauko takunkuminka."

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, ba a bar ko ɗayanmu ya shiga ba. A waya ta ƙarshe, muryarsa can ƙasa, cewa ya yi, "Inna, ƙwan nan minti goma ake ba shi. Kar ki bari su ruɗe ki da bakwai."

Da aka buɗe iyakoki, Mama da kanta ta ce mu shirya. Muka hau dutsen da ƙafa, babu lif, gaskiyarsa. Ƙasar fara fat da ruwan ɗorawa, ko ciyawa babu, hayaƙi yana fita ta ko'ina, ramuka suna ɓararraka kamar tukunyar ɗan wake. Da warin ya buso, kowa ya toshe hanci ban da mu biyu. Mun sha horo. Na zura ƙwai a ɗan kwando, mai jagora ya ce minti bakwai, na ce goma. Ya dahu daidai. Mama ta ɓare, muka raba, tana ci tana share ido, wai hayaƙi ne.

Kafin mu sauko na waiga hagu da dama, na ɗauki tsakuwa na lasa. Ɗaci, Kawu! Amma ba wanda ya ɓata ta.

Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya sanyaya makwancinsa. Wutar da ya so gani mun gano masa. Waccan kuwa, Allah kar ya nuna masa ko hayaƙinta. Amin.