Baƙin Tabo a Tafin Ƙafata

Kun daɗe ba ku ji ni ba. Wasu sun ce na gudu da cittar mutane, wasu sun ce na koma Abuja. Ina nan Kafanchan. Kwance nake.

Abin ya fara da ɗan baƙin tabo a tafin ƙafata, bai fi ƙwayar wake ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi.

Duk ranar kasuwar Kwoi, in na gama awon citta, nakan miƙa wa mai yankan farce ƙafa ya kankare mini kaushi. Ya ga tabon ya ce, "Oga, in share wannan?" Na ce share. Ya yi fes. Kasuwa ta zagayo, tabo ya dawo. Haka muka yi ta yi, muna aske sama, abu yana nutsewa ciki.

Sai ya fara ɓata mini safa da jini. Sai kaluluwa ta fito a matsematsina, mai tauri.

Matata ta taɓa ta, ta ce, "Baban Godiya, kaluluwar da ba ta ciwo, ba na son ta. Tashi mu je."

Daga asibitin gari aka tura mu Jos. Aka yanki nama aka kai gwaji. Sunansa melanoma, ciwon daji na fata.

Na ce wa likitar, "Ba na Turawa ba ne wannan?"

Ta ce, "Namu a tafin ƙafa yake ɓuya, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Baba, in za ka sayi citta a gona, ganye kake dubawa?"

Na ce a'a, abin da ke ƙasa.

"To, mu ma zurfinsa muke aunawa. Mataki na ɗaya da na biyu, yana fata. Na uku, ya kai kaluluwa. Na huɗu, ya shiga huhu ko hanta. Kai ka riga ka kai uku."

Bakin kasuwa bai bar ni ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ragi? A bar mini a biyu mana."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Roƙi Allah kada hoto ya ce huɗu."

Ban taɓa jin tsoro irin na jiran hoton nan ba. Ko tari na yi, sai in kalli matata, ita kuma ta kalli bango.

Hoto ya fito. Huhu lafiya, hanta lafiya.

Aka yanke wurin da faɗi, aka ɗebo fatar cinyata aka lulluɓe, aka cire kaluluwar. Buhunan cittar da na ɓoye ina jiran farashi ya hau, duk sun tafi a araha don biyan kuɗin asibiti. Ban yi ciniki ba.

Yau ina takawa da sanda. Ba su ce na gama ba, sun ce ba su ga komai ba, kuma ina komawa dubawa.

Na gode wa Ubangiji. Na gode wa zumuntar matan cocinmu da suka cika mana gida da abinci da addu'a. Maman Godiya, ke kam ban san farashinki ba.

Jama'a, tabon da ke girma, ko canza launi, ko jini, kada reza ta taɓa shi. A kai asibiti tun yana mataki na ɗaya.

Cire takalminka yanzu ka duba. In wuyanka bai kai ba, miƙa wa matarka ƙafar, ko da ba kwa magana.