Saniyar Goggo a Jikin Bango

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, yammacin da aka buɗe baje kolin hotuna a wani zauren adana kayan tarihi a Haɗeja zai zauna daram. Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, kuma duk inda aka ji ɓarna a gidanmu ni ake fara nema.

Wani mai ɗaukar hoto ne ya daɗe yana yawo a fadama, yana ɗaukar masunta a kan gora da masu yankan shinkafa da makiyaya. Baffana, autan su mahaifina, wanda ke kula da shanun gidanmu, ya ji labarin har da shi a ciki. Ya sha babbar riga, ya tattara mu kaf, har da Goggo, babbar yayarsu, wadda in ta yi gyaran murya kajin unguwa ma sai su nutsu. A daminar da ta wuce Baffa ya zo mata yana sharar hawaye, ya ce ambaliya ta tafi da jar saniyarta. Goggo ta yi kuka, har daga garin Malam Madori aka riƙa zuwa jaje.

Muna shiga bayan la'asar na bar su wajen zoɓo da cincin, na yi gaba. A ƙuryar zauren na ci karo da wani hoto mai girman ƙofar gari. Kasuwar shanu ce ta Kafin Hausa. Ga Baffa ya washe haƙora, hannu ɗaya cikin hannun dillali, ɗayan riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar kuwa jar saniyar Goggo ce, a bushe ƙayau, ko ɗigon ruwa babu a jikinta.

Baffa ya iso bayana, ya gani, sai da hularsa ta karkace. Cikin raɗa ya yi mini alkawarin waya sabuwa fil in har Goggo ta fita ba ta gani ba. Ban tsaya tunani ba. Na juya wa hoton baya, na ware hannuwa, hijabina ya baje kamar labule.

Sai mutane suka fara taruwa. Wani mai tabarau da ya zo daga Kano ya shafa gemu, ya bayyana wa na kusa da shi cewa wannan sabon salo ne, ana nuna yadda 'ya mace ke kare dukiyar kakanninta. Aka tafa. Aka yi ta ɗaukata a waya. Ni kuwa ga ƙuda ya yi masauki a hancina.

Goggo ta ratso taron da kofin zoɓonta.

"Ke, matsa."

"Goggo, fasaha nake yi."

"Wannan wutsiyar da ta leƙo ta gefen hijabinki, na san ta."

Na sauke hannu. Ta daɗe tana kallon saniyar, har ta miƙa yatsa ta shafi tozonta. Sannan ta juya a hankali.

"Auta, ashe ambaliyar bana da dillali take yawo?"

"Adda, kin san zamani," in ji Baffa, "na'ura babu abin da ba ta haɗawa."

Nan mai hoton ya ji an taɓa sana'arsa. Ya ciro kyamara ya riƙa nuna wa kowa sauran hotunan ranar, har da wanda Baffa ke zaune gaban mai tsire, kumatu cike. Goggo ta ce a sauke mata hoton tunda saniyarta ce, da ƙyar aka lallashe ta ta bari sai an tashi baje kolin.

Kafin mako ya zagayo Baffa ya koro karsana daga cikin nasa shanun har ƙofar ɗakinta. Ta duba haƙoranta, ta karɓa, ta ce masa wannan ta iya iyo. Wayata kuwa har yau shiru, sai ciwon kafaɗa da na kwasa.

Tun daga ranar na gane cewa wanda ya tsaya tare ƙaryar wani shi ke fara gajiya, kuma shi ke tashi ba ko sisi. Yanzu in aka ce in rufa asiri, sai na tambayi girmansa tukuna.