Madam Damaris da Kwalin Matattun Maɓallai

Damaris ɗiyar Kalibu ce, manomin albasa a Jiratawa. Ta tsufa tana koyar da ajin ƙarshe na firamare a wata ƙaramar lakwal mai zaman kanta a Tibiri. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa neman a so ta ba. Maƙwabciyata ce, na san halinta.

Da wayoyi suka cika gidaje, yara suka fara kawo mata aikin lissafi babu kuskure ko ɗaya. A gaban allo kuwa, bakwai sau takwas sai ya gagare su. Wasu malamai suka ce a hana na'urar kawai. Damaris ta ce hana abin da ke cikin aljihun uwar yaro shirme ne.

Ta hau kabu-kabu zuwa Sabon Gari, wajen Sha'ibu mai gyaran rediyo, ta kwaso tsofaffin kalkilatiris, ƙananan na'urorin lissafi, cikin kwali. Kowace da maɓallin da ya mutu: wata ba bakwai, wata ba alamar rabawa. Ta hana shi gyarawa. A aji sai ta ce, "Ashirin da bakwai sau shida. Bakwai ɗinka ya mutu, nemi wata hanya." Dole yaro ya buga talatin sau shida, ya cire goma sha takwas. Kansa ya yi aiki kafin yatsa.

Iyaye ba su ga haka ba. Shugabansu, Malam Jibo, ya zo taro da niyyar a karɓe mata ajin.

"Madam, shara kika kwaso wa ɗiyanmu a shekarar jarrabawa?"

"Shara ce, Malam Jibo. Amma ɗiyarka Nafisa ta daina ƙirga da yatsun ƙafa."

"To mi zai hana a saya masu lafiyayyu?"

"Lafiyayyar tana gidanka, cikin waya. Mi ta koya mata?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Daraktan lakwal ɗin ya ji tsoron iyaye su kwashe yaransu, ya mayar da ita ajin ƴan shekara shida.

Ta ji zafi, don na ga idonta ranar. Ba ta roƙi kowa ba. Ran Litinin ta shiga wajen ƙananan da kwalinta a ka, ta zaɓo wadda biyar ɗinta ya mutu, ta miƙa wa yarinyar da ke gaba.

"Ungo. Fito mini da biyar."