Batakarin da Baba Masahudu Ya Kai Koriya

Baba Masahudu mai gyaran keke ne a unguwar Moshi Zongo. Tun ina yaro nake ganinsa a rumfarsa, da kwanon ruwa a gabansa, yana neman inda taya ta huje. Amma ba gyaran keke ya sa aka san shi ba. Shi ne ɗan aiken danginsu. In za a kai goron neman aure Dabokpa, shi ake ba. In an yi rasuwa, shi ke zuwa Gumbihini ya faɗa wa 'yan uwa kafin su ji a waya. Ya san wanda ake fara gaisarwa a kowane gida, ya san inda ake cire takalmi. Kuma ba ya faɗa wa kowa saƙo sai mai shi, ko da matarsa Lariba ce ta tambaya.

Ɗansa Abdul-Waris yana aiki a wata masana'anta a Koriya ta Kudu. Bara ya samu hutu, ya shirya wa mahaifinsa tafiyar buɗe ido: birnin Seoul, tsohon garin Gyeongju, daga nan su tsallaka tsibirin Jeju.

Kafin tafiyar, Alhaji Kadiri, wanda shi ne babba a dangin, ya kira shi ɗaki. Ya buɗe akwati ya fito da batakarin da ya gada wurin mahaifinsa, babbar riga saƙar hannu ta garin Daboya, mai nauyi, wadda ba ya sawa sai ranar bikin Damba.

"Yaronmu ya daɗe a garin mutane, ba wanda ya je ya gai da mai garin," in ji Alhaji. "Wannan ba tarbiyya ba ce. Ka kai masa wannan, ka ce muna ba shi amanar yaro."

Baba Masahudu ya naɗe rigar a ƙasan jakarsa. Bai gaya wa Abdul-Waris ba. Saƙon ba nasa ba ne, kuma tun a filin jirgi yaron yake ta cewa, "Baba, ba a yin haka a nan."

Washegarin saukarsa suka je babbar fadar da ke Seoul. Ya ga ƙofa mai girma, ya ga dogarai da tutoci, ya ji ana buga ganga. Ya gaya mini a nan ne hankalinsa ya kwanta, don duk inda aka ga haka, mai gari yana kusa. Bayan sun shiga, Abdul-Waris ya ce ya jira shi a inuwa, zai je ya sayo ruwa.

Yana tsaye sai ga wani saurayi ya fito ta wata ƙofa, da jar riga har ƙasa, an yi mata aikin zinariya a ƙirji, da baƙar hula. Mutum biyu na biye da shi suna ɗaukarsa hoto. Baba Masahudu ya ga yaro ne, amma ai ya sha ganin yaro ya gaji sarauta. Ya cire takalmi, ya durƙusa a kan dutse, ya yi gaisuwa cikakkiya. Ya faɗi sunan Alhaji Kadiri da na mahaifin Alhaji, ya faɗi na Abdul-Waris, duk da Hausa, sannan ya miƙa batakarin. Saurayin ya duba abokansa, ya sunkuyar da kai, ya karɓa da hannu biyu.

Daidai nan Abdul-Waris ya dawo. Daga nesa bai ga abin da aka miƙa ba, ya dai ga mahaifinsa a durƙushe. Dariya ta kama shi, ya ɗauki hoto ya tura wa mahaifiyarsa, ya rubuta cewa Baba ya gana da sarki. Kafin ya ƙaraso, saurayin ya shige cikin taro.

"Na isar," Baba Masahudu ya ce masa yana sa takalmi. "Yanzu kana da uba a garin nan."

"Ka isar da me, Baba?"

Bai kai ga amsawa ba ya hango wani mai jar riga irin waccan, yana tsotsar ƙanƙara. Bayansa ga wani, ya riƙe hannun budurwa. Abdul-Waris ya yi ƙasa da murya ya ce kayan haya ne, shagunan suna nan bakin hanya, kuma an fi shekara ɗari babu sarki a ƙasar. Sun zaga fadar suna neman wanda ya karɓi batakarin har aka tashi rufewa. Sun leƙa shagunan haya. Ba su ga saurayin ba.

Na tambaye shi sauran tafiyar, ya ce in tambayi ɗansa. A Gyeongju an nuna musu kaburburan sarakuna, manyan tuddai da ciyawa ta rufe, shi kuma yana ta tunanin akwatin Alhaji. A Jeju ya ga tsofaffin mata suna nutso cikin teku suna fitowa da abin sayarwa. Ya ce da a wani lokaci ne, da ya tsaya ya yi musu barka da aiki. Ranar ko gaisuwa ba ya son yi wa kowa.

A gida kuwa, Mma Lariba ba ta ɗauki hoton wasa ba. Ta nuna wa maƙwabta, aka tura wa dangi. Ranar da Baba Masahudu ya dawo ya tarar an wanke hoton, an sa a gilashi, an rataye a zauren Alhaji Kadiri, dattawa na zaune ƙarƙashinsa suna jiransa.

"Masahudu, zauna ka ba mu labari," in ji Alhaji. "Da ya karɓa, me ya ce?"

Abdul-Waris ya riga ya roƙe shi a waya ya yi shiru kawai, tunda ba wanda zai je Koriya ya bincika. Baba Masahudu ya dubi hoton, ya ga kansa ba takalmi.

"Yaya Alhaji, saƙonka bai isa ba," ya ce. "Wancan ba sarki ba ne. Ɗan yawon kallo ne kamar ni, rigar ma haya ya ɗauka. Ban tambayi kowa ba na ba shi."

Wani dattijo ya fara dariya, ya mayar da ita tari.  Alhaji ya tambaya ko Abdul-Waris yana lafiya, ya sa aka sauke hoton, ya ce a kawo wa matafiyi ruwa. Bai taɓa tayar da maganar rigar ba har yau.

Samarin da ke kawo gyara sukan ce, "Baba jakada, yaushe za a koma fada?" Yakan ce su riƙe masa keken da kyau, kada ya faɗi.

Watan jiya aka tashi neman wa jikan Alhaji aure a Dabokpa. Ina rumfar lokacin da Imurana, ƙanen Baba Masahudu, ya zo wucewa a babur da ƙunshin goron a bayansa. Ya rage gudu ya gaishe shi, yana kallon ƙasa. Baba Masahudu ya amsa, ya ce masa in ya isa ya fara da kawun yarinyar, ba mahaifinta ba, kuma tsohuwar da ke ɗakin hagu ba ta ji sosai, ya ɗaga murya. Ya bi babur ɗin da ido har ya sha kwana, sannan ya ce in miƙo masa famfo.